Amsoshin Wasiƙunku: Zafin Inji Da Baƙin Mai, Daga Motar Tsere Zuwa Akori-Kura

  

Yau wasiƙu uku muka ware, domin duk da yake daga wurare daban-daban suka fito, maganarsu guda ce. Ta farko daga wani saurayi ne mai koyon kanikanci a Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Ta biyu daga wani Alhaji ne mai bin kasuwannin ƙauye yana sayen hatsi yana kaiwa Dawanau. Ta uku kuwa wani manomin rani ne daga yankin Kadawa ya aiko ta. Za mu fara da ta saurayin, saboda amsarsa ita za ta buɗe mana hanyar sauran.

Shi wannan saurayi cewa ya yi ya ga tseren motoci a talabijin, aka ce masa wai motocin nan suna kwana su wuni suna gudu ba hutawa. Ya ce to yaya aka yi injinsu ba ya ƙonewa, alhali motocin da ake kawowa garejinsu tafiyar awa biyu ma sai su tafasa? Ko wani ruwa na musamman ake zuba musu?

To samari, abin da aka gaya maka gaskiya ne. Akwai wani gari a ƙasar Faransa da ake kira Le Mans, inda tun shekarar 1923 aka fara tseren awa 24. Wanda ya fi cin nisa a cikin waɗannan awoyi shi ne gwani. A shekarar 2010 motar da ta ci, ƙirar Audi, ta yi tafiyar kilomita 5,410. Kwatanci shi ne ka tashi daga Kano ka je Legas ka dawo, ka sake zuwa ka dawo, ka kuma sake komawa, duk a kwana guda. Kamfanin Peugeot, wanda mu a nan muka fi sani da Fijo, shi ma ya ci wannan tsere a 1992 da 1993 da motarsa mai lamba 905. Kai, ko ita 504 ɗin nan da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, irinta ce ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a wannan shekara, cikin ƙura da laka irin namu.

Amma maganar ruwa na musamman, babu wani asiri a ciki. Inji inji ne. Duk wanda ke shan fetur ko man gas wuta yake hurawa a cikinsa, kuma ba duk ƙarfin wutar nan ne ke tura mota ba. In an yi lissafi sama-sama, kashi ɗaya cikin uku ne ke zama tafiya, kashi ɗaya ya fice ta salansa, sauran kashi ɗayan kuwa ya tsaya a jikin ƙarfe. Wannan na ukun dole a kwashe shi a zubar, in ba haka ba ƙarfen ya kumbura ya cije. Abubuwa uku ke wannan aiki: ruwa, iska da baƙin mai. Ruwa ya ɗebo zafin daga jikin injin ya kai lagireto, iska ta ratsa lagireton ta tafi da shi, shi kuma baƙin mai ya ɗauke na wuraren da ruwa ba ya kaiwa, kamar ƙarƙashin fistin da kan karanshaf.

Abin da masu tsere suka fi mu shi ne ba sa wasa da ko ɗaya daga cikin ukun. Lagireton ruwa daban, na baƙin mai daban. Man ma ba a barinsa kwance a ƙasan injin kamar na motocinmu, tanki ake yi masa a gefe, a sa famfuna su riƙa tsotso shi suna maido shi. Dalili kuwa, idan mota ta sha kwana da gudu sosai man yakan taru a gefe guda, bakin famfo ya shaƙi iska, kuma injin da ke juyi dubbai a minti guda ba ya jure ko ɗan daƙiƙoƙi babu mai. Ka riƙe wannan magana, za mu dawo kanta idan mun zo kan injin ban-ruwa.

Su ma fa in sun yi ganganci suna gani. A shekarar 1988 wasu Faransawa suka shiga tseren na Le Mans da wata mota da ake kira WM, mai injin Peugeot, burinsu kawai su wuce gudun kilomita 400 a awa. Sai suka toshe wasu ƙofofin da iska ke shiga ta sanyaya injin, don kada iskar ta riƙe motar. Burin ya cika, an rubuta musu kilomita 405 a awa. Amma motar ba ta kai ƙarshen tseren ba, zafi ya gama da ita tun da sauran tafiya mai yawa. To ka gani, abin da ya kashe wannan mota ta maƙudan kuɗi shi ne dai ke kashe motar ƙauye idan ƙaiƙayi da ƙura suka toshe mata lagireto.

Wannan ya kawo mu ga wasiƙar Alhaji. Ya ce yana da akori-kura ƙirar 504, ta yi masa shekaru tana aiki, amma tun shigowar zafi in ya yi lodi ya hau titi sai allurar zafi ta haye. Bakanike ya cire masa wani ƙarfe a bakin tiyon sama ya ce shi ne ke hana ruwa wucewa, aka samu sauƙi na 'yan kwanaki, abu ya dawo. Yanzu ba ya fita sai da jarka biyu ta ruwa. An ce masa ya sayar da injin ya sayi wani, shi ne yake neman shawara.

Alhaji, Allah Ya ƙara arziki, kada ka yi gaggawar sayar da inji. Sau da yawa abin da ke sa mota zafi bai kai kuɗin buhun masara guda ba, sai dai in an bar shi ya ci gaba har ya taɓa kan silinda. Tambayar farko da za ka yi wa kanka ita ce: ruwan nan da kake ƙarawa kullum, ina yake zuwa? Lagireto mai lafiya ba ya shan ruwa. Rufaffen wuri ne, ruwan zagayawa yake yi ya dawo. In har kana ƙari kullum, to ko dai yana yoyo, ko yana tafasa yana ficewa, ko kuma injin yana shanye shi ta ciki, wanda shi ne mafi muni.

Ka fara da abu mafi araha, watau murfin lagireto. Mutane da yawa sun ɗauka murfi ne kawai na hana ruwa zuba, har za ka ga an yar da shi an cusa tsumma ko leda. Wannan kuskure ne babba. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100, a wuri mai tudu kamar Jos ma tun wajen digiri 96 yake tafasa. Amma in aka matse shi a rufe, kamar yadda murfin nan mai sifirin da roba ke yi, sai ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Inji kuwa aikinsa na yau da kullum tsakanin digiri 80 da 'yan kai zuwa 90 da wani abu yake. Ka ga in murfin ya mutu tazarar da ta rage kaɗan ce, da ka hau gangare da lodi cikin ranar watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke wuce digiri 40, sai ruwa ya tafasa. Ka duba robar murfin, in ta tsage ko ta bushe ka sayi sabo mai lamba daidai da ta tsohon.

Daga nan sai fambel. Da injin a kashe, ka danna shi da babban yatsa a tsakiya. In ya lotsa fiye da faɗin yatsa guda ya yi sako-sako, in kuma cikinsa yana ƙyalli ko ya tsattsage, kwanansa ya ƙare. Shi ne ke juya famfon ruwa, a tsofaffin motoci har da fanka. Direban da ke shiga daji ba tare da fambel na ajiya a mota ba, ni dai ban san me ya dogara da shi ba. Sannan ka leƙa ƙarƙashin famfon ruwan. Yana da wata 'yar huda, in ka ga alamar tsatsa ko ɗigo a nan, to famfon ya fara tafiya. Ka matsa tiyo-tiyon da hannu lokacin da injin ya huce: wanda ya yi laushi kamar dafaffen rogo ko ya kumbura a bakin ɗauri, a canja shi.

Sai shi kansa lagireton. Ku masu bin hanyar kasuwar ƙauye lokacin kaka da rani, ƙaiƙayi da ƙura da ƙwari suna manne masa ta gaba. Ka tsaya a bayansa ka haska tocila, in haske ba ya ratsawa, iska ma ba ta ratsawa. A wanke shi da ruwa daga baya zuwa gaba, a hankali, ba da tsinke ko waya ba, domin 'yan fikafikan nan nasa ba su da ƙwari. Ta ciki kuma, wane ruwa kake zubawa? In ruwan rijiya ne ko na rafi, ka tuna da butar shayi da aka daɗe ana dafa ruwa a cikinta, yadda farin abu ke kama gindinta. Haka yake kama ƙananan bututun lagireto har ya toshe su. Ga hanyar ganewa: bayan tafiya ka kashe injin, ka ɗan jira, ka shafa fuskar lagireton da tafin hannu, kana kula da fanka. In wani wuri da zafi wani wuri da sanyi, to wurin sanyin nan a toshe yake. Sai a kai wa masu gyaran lagireto su buɗe su zure shi. Bayan an gyara a zuba masa ruwan nan mai launi da ake sayarwa don lagireto, domin yana hana tsatsa, yana kuma ɗan ƙara wa ruwa juriyar tafasa. In bai samu ba, tataccen ruwan sama ya fi na rijiya. Sai dai a kula, wannan ruwa mai launi guba ne, ga shi da zaƙi-zaƙi. Kada a bar shi inda yaro ko akuya ko kare zai kai baki, kada kuma a zuba shi a gorar lemo.

Akwai masu fasa ƙwai ko zuba garin barkono ko taba a lagireto don su tsai da yoyo. Ba zan ce ba ya toshe 'yar huda na ɗan lokaci ba, wani ya kai gida da shi. Amma abin da ya toshe huda zai toshe bututu. In ka yi haka a daji don dole, da ka iso gari a sauke lagireton a wanke a like.

Yanzu ga maganar ƙarfen da bakanikenka ya cire. Sunansa tamostat. Wata 'yar ƙofa ce da ke rufe hanyar lagireto idan inji yana da sanyi, don ya yi saurin ɗumi, ta kuma buɗe da kanta idan zafi ya kai inda aka ƙayyade mata. Lambar tana rubuce a jikinta, za ka ga 82 ko 88 ko makamancin haka. Kanikawanmu da dama, Allah Ya saka musu da alheri, suna cewa wai don ƙasar sanyi aka yi ta, mu nan ba mu da bukata. Ni ban yarda da wannan ba. Gaskiya ne takan mutu a rufe, in ta yi haka mota za ta tafasa nan da nan, amma maganin wannan shi ne a sa sabuwa. Kuma gwada ta ba wuya: ka ɗaure ta da zare ka saka a tukunyar ruwa a kan wuta, in ta buɗe kafin ruwan ya tafasa lafiyarta lau, ka nemi cutar a wani wuri. Injin da aka cire wa tamostat yakan daɗe bai yi ɗumi ba, musamman da asubar hunturu, ya yi ta shan mai fiye da kima, fetur ya riƙa wanke bangon silinda yana gangarawa cikin baƙin mai. A wasu injinan ma ita ce ke rufe wata gajeriyar hanya, in babu ita ruwa sai ya riƙa kewaya injin kawai bai bi ta lagireto sosai ba, ka ga an je neman sanyi an samo zafi. Sauƙin da ka gani na 'yan kwanaki, Alhaji, cutar aka lulluɓe.

To idan duk waɗannan lafiya suke, ba yoyo ko ɗaya, amma ruwa na ci gaba da raguwa, sai a zargi gasket na kan silinda. Alamunsa ba sa ɓuya. Da safe kafin ka tada mota ka buɗe murfin lagireto, ka cika shi, ka tada injin ka zuba ido. In ka ga kumfa na tasowa ba yankewa, ko ruwan na tsalle waje, iskar cikin silinda ce ke shigowa. Ka zaro sandar awon mai, ka kuma duba bayan murfin da ake zuba mai. In man ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, shi ma shaida ne. In bakanike ya kwance fulogai ya tarar guda ya yi fes kamar an wanke shi alhali sauran na da ɗan duhu, to silindar nan ce ke shan ruwa. Wannan ma gyara ne, ba sayar da inji ba. Sai dai ka tabbata an kai kan silindar wurin masu injin gogewa an auna ko ya lanƙwashe, domin na 504 da na yawancin motocin yanzu na alminiyam ne, ba ya jure zafi kamar baƙin ƙarfe. In aka ɗora sabon gasket a kan lanƙwasasshen kai, wata ɗaya ba za a yi ba za a sake kwancewa.

Bari in faɗi abin da ya kamata a yi a kan hanya, don nan ne ake asarar inji, wani lokaci har da fuskar mutum. Da ka ga allura ta doshi ja, ka sauka gefen titi, kada ka ce bari in ƙarasa garin can. In tururi na fita ko ruwa na zuba, kashe injin nan take. Ka buɗe bonet ka bar shi ya sha iska aƙalla rabin awa. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, kada kuma ka tura yaron mota ya buɗe. Ruwan da ke ciki ya wuce zafin tafasa, matsi ne kawai ya riƙe shi, da an sassauta murfin zai yi tsiri sama. Yara nawa ne a tashoshinmu ke ɗauke da tabon wannan a hannu da ƙirji? In ya huce, ka sa tsumma mai kauri, ka murɗa kaɗan iska ta fita tukuna. Kuma kada a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi ko a cikinsa gaba ɗaya. Ko tukunyar ƙasa ka sauke daga wuta ka kwara mata ruwan randa ka san abin da zai faru. A tada injin, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan.

Sai wasiƙa ta uku. Malam manomi ya ce a cikin rani biyu injinan ban-ruwa biyu suka mutu masa, na biyun ma ana tsakiyar ba tumatir ruwa ya yi ƙara ya tsaya cak, igiya ta ƙi jawuwa. Ya ce shi dai yana ƙara mai duk lokacin da ya ragu, to me ya jawo?

Malam, Allah Ya mayar da alheri. Amsar tana cikin wasiƙarka: ka ce kana ƙara mai, ba ka ce kana juye shi ba. Ƙari daban, juye daban. Baƙin mai yana gajiya. Zafi na dafa shi, ƙura da toka da ɗan garin ƙarfe na taruwa a cikinsa, har ya koma yana cin ƙarfen da aka sa shi ya kare. Ƙananan injinan nan irin na Honda da masu kama da su, man da ke cikinsu bai fi rabin lita da ɗan ɗori ba, kuma ba su da matatar mai irin ta mota. Ƙa'idar masu ƙera su ita ce sabon inji a juye masa mai bayan awa 20 na farko, daga nan kuma duk awa 100. Ka yi lissafi da kanka. In kana ba da ruwa awa takwas a rana, cikin kwana goma sha biyu ko sha uku ka cika awa 100. Watau a lokacin aiki sosai kusan duk mako biyu ya kamata ka yi juye, ba sau ɗaya a rani ba. A yi shi injin na da ɗumi, don dattin ya biyo man ya fita.

Abu na biyu, a ina kake girka injin? Ka tuna maganar motar tsere da man da ke taruwa gefe guda. Wannan ƙaramin inji ba famfo ke raba masa mai ba, wani ɗan cokali ne a jikin sandar fistin ke tsoma kansa yana watsa shi. In ka ajiye injin a gangaren bakin rafi ya karkace, man zai koma gefe, cokalin ya yi ta dukan iska. Ka haƙa wuri ka daidaita, ko ka sa katako. Wasu injinan suna da na'urar da ke kashe su in mai ya yi ƙasa, sai ka ga an cire wayarta wai tana damun mutane. Ita ce fa mai gadin injin, a bar ta.

Na uku, shi ba shi da lagireto, iska kaɗai ke sanyaya shi, kamar babur. Ba kuma abin raini ba ne, shahararriyar motar gudun nan ta Jamus, Porsche 911, da iska da mai aka riƙa sanyaya injinta har zuwa 1998. Amma sharaɗin shi ne fikafikan da ke jikin silinda su kasance a tsabtace, murfin fankar kuma yana wurinsa. In laka ta bushe a tsakaninsu, ko ka lulluɓe injin da buhu wai kana kare shi daga rana, ka toshe masa numfashi. Inuwa za ka yi masa daga sama, gefe da gefe a buɗe. Soson iska kuma a riƙa wanke shi a kai a kai, a shanya, a ɗan shafa masa mai a matse. Injin da ke aiki ba soso ƙasa yake sha, ita ce ke cinye ringi.

Wannan magana ta mai ta shafi Alhaji ma, da duk mai babur ko injin niƙa ko janareta. Lambobin da kuke gani a jikin galan, irin su 20W-50 ko 15W-40 ko 5W-30, kaurin man suke nunawa: ta farko yadda yake gudu da sanyi, ta biyu yadda yake riƙe jikinsa da zafi. Tsohon inji irin na 504 yana tafiya daidai da 20W-50. Manyan motoci masu shan gas sun fi amfani da 15W-40. Amma motocin zamani da ake shigowa da su ta Kwatano da Legas, da yawansu siririn mai aka ƙera su da shi, hanyoyin man nasu matsattsu ne, in ka ɗura musu mai kauri don an ce wai ya fi ƙarfi, kafin ya kai saman injin da safe an riga an yi ɓarna. A duba littafin motar ko murfin zuba mai, sau da yawa lambar na rubuce a kai. Akwai kuma wasu haruffa a jikin galan: wanda ya fara da S na injin fetur ne, wanda ya fara da C na injin gas ne. Man injin gas yana yin baƙi da wuri, wannan ba laifi ba ne, aikinsa yake yi na kwashe toka.

A hanyoyinmu masu ƙura, mota mai amfani da man da aka saba a yi mata juye duk kilomita 5,000, tare da canja matatar mai. In agogon kilomita ya mutu, kamar yadda yake a yawancin motocin kasuwa, a rubuta ranar juye a takarda a manna, a ƙirga da yawan zuwa kasuwa. Awon mai kuma kowace safiya, a wuri mai daidai, injin a kashe: zaro sandar, goge, mayar, sake zarowa. Ya tsaya tsakanin zane biyun nan. In ya wuce na sama shi ma illa ne, karanshaf zai riƙa kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe ƙarfe. Jar fitilar nan mai hoton buta in ta kama ana cikin tafiya, ba cewa take yi ka ƙara mai in ka isa gida ba. Cewa take yi man ba ya kaiwa inda ya kamata a yanzu, ka tsaya ka kashe.

Hayaƙi ma yana magana. Shuɗi-shuɗi, inji na ƙona baƙin mai, ringi ko robobin bawul sun gaji. Baƙi, fetur ko gas ya yi yawa iska ta yi kaɗan, a fara duba matatar iska kafin a taɓa kafireto ko nozul. Farin mun riga mun faɗa.

Game da man da ake sayarwa a kwalabe a bakin hanya, ban ce duka jabu ne ba, amma ba ka da hanyar sanin abin da ke ciki, kuma akwai masu tace tsohon mai su sayar a matsayin sabo. In da hali ka sayi wanda ke rufe da hatiminsa a wurin da ka sani. Ku manoma masu ƙananan injina kuna iya haɗa kuɗi ku sayi galan guda ku raba, zai ishi injina da dama. Wanda aka juye kuma kada a zubar kusa da rijiya ko a magudanar ruwan gona. Kada a shafa wa shanu ko awaki don kaska ko ƙurji, kamar yadda wasu ke yi. Yana ɗauke da dattin ƙarfe da guba, yana shiga fata, dabba kuma tana lasa. A nemi malamin dabbobi ya ba da magani.

Alhaji, in ka bi waɗannan matakai daga murfi zuwa gasket, muna so ka sake rubuto mana abin da aka tarar. Akwai wasiƙar wata Hajiya mai injin niƙa da ke tambaya kan injin gas da ke ƙin tashi da sanyin safiya, lokaci bai ba mu damar kaiwa gare ta ba, da ita za mu fara a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.